Kada Ya Wuce Talatin da Biyar

Takardar na manne a ƙofar biro.
Na cire tabarau, na goge da bakin riga,
na sake karantawa:
ana neman mai kula da na'urori,
kada ya wuce talatin da biyar.
Na ƙirga da yatsu,
na tarar na zarce da ashirin da uku.

Ni Nomau, da na buɗe sibar a Sabon Gari
tun ana jiran rezo kamar ruwan shuka,
sa'a guda dala ɗari,
rabinta ya ƙare a kallon allo yana tunani.
Alhazai na zuwa da adireshi a bayan ambulan:
"Mushe, tambayar mana ko kaya sun iso Kwatano."
Rufin ma'aikata bakwai na hau da waya a haƙora,
kwano na gasa min tafin ƙafa.

Duk da haka na shiga.
Wanda ke bayan tebur Tsayabu ne,
ɗan Barira mai ƙosai,
yaron da na ɗora wa hannu a kan ɓera
na ce danna sau biyu, a hankali, ba daka ba ne.
Ya miƙe, ya ce Baba, ya sa aka kawo ruwan sanyi.
Ya tambaye ni abubuwa masu suna irin na maganin asibiti.
Biyu na sani.
Na ukun a bakin ɗana na taɓa ji.
Ya ce yanzu komai yana cikin gajimare.
Na ce to, Allah ya sa ya zubo.
Bai yi dariya ba.
Ya raka ni bakin titi, ya biya min kabu-kabu.
Wannan biyan ya fi takardar ciwo.

Ba ƙarya suka yi min ba.
In ƙaramin noti ya faɗi, sai jikata ta nemo.
Harshen inji huɗu na koya,
uku sun mutu a hannuna, ba wanda ya zo gaisuwa.
Maƙeri in ya tsufa sarauta ake ba shi.
Mu tamu sana'ar maciji ce,
duk shekara sai ta sake fata,
mu ne saɓar da take bari a gindin dutse.

Ran Laraba bayan la'asar
Hajiya Sahiya ta zo daga Bagalam
da tsohuwar ordinatar naɗe cikin zane.
Ta marigayi ce. Bashin albasa da wake duk yana ciki.
Yara uku a kasuwa sun ce ta zubar.
Na buɗe: yanar gizo, jar ƙasa, gidan zanzaro.
Na sa kunne, na sansana,
na san inda ke mata ciwo.
Kwana biyu, wuta ta ɗauke sau biyar,
sannan ta yi tari, ta buɗe ido.
Sunaye suka taso:
wane na Tibiri jika arba'in,
wane na Jibiya ya biya rabi.
Hajiya na bin layi da yatsa, sai ta tsaya.
An rubuta: Sahiya, kuɗin awakinta biyu, ban biya ba.
Ta rufe baki da gyale.
Ban san ko dariya ce ba, ban kuma duba ba.

Jika biyar ta ba ni da tiyar wake.

Da dare na ari wayar jikata,
na nemo darasin gajimaren nan.
Haruffa kamar tururuwa,
malamin ko gemu bai tsiro ba.
Minti goma sha biyu ne,
barci ya sace ni a na bakwai,
turnabis na tokare min haƙarƙari a aljihu.
Gobe in an yi asuba
zan koma daga farko.