Mita Huɗu a Bakin Kogin Turare

Filinmu a Hue siriri ne kamar tsinken ashana,
faɗi mita huɗu, tsawo ashirin da 'yan kai.
Mutum takwas za su kwana a ciki.
Ni na karanta zanen gini,
don haka ni aka miƙa wa fensir,
aka ja kujeru, aka sa ni tsakiya.

Baba ya ce a bar masa ƙasa:
tukunyar romo, kwanukan taliya, gurbin babur.
Na ce, Baba, ka manta kogi?
Ga shaidar da ya bari a tsohon bango,
daidai haƙarƙarina.
Ya ce ruwa baƙo ne, kwana uku ya tafi,
ciniki kuwa ɗan gida ne.
Na ɗaga masa soket zuwa kafaɗa,
na shimfiɗa tayil mai wankuwa da bokiti biyu.
Mama igiyar shanya kawai ta roƙa,
inda rana ke kaiwa.

Matar yayana Luan ba ta ce uffan ba.
Sai da dare, muna wanke-wanke,
ta ce, Diep, ƙofa nake so mai sakata,
da murhu ko mai baki ɗaya ne,
kada a leƙo a ce mini gishiri ya yi yawa.
Na ba ta hawa na uku, ita da tagwayenta,
na ƙara wa bango kauri
don kuka ya tsaya inda aka yi shi.

Saura kaka Khue.
Tamanin da uku, gwiwa ta yi hannun riga da matakala.
Kowace asuba takan kunna tsinken turare uku
gaban hoton mijinta da na iyayensa,
ta ajiye ayaba, ta ba su labarin gida.
Dokar kuwa ba ni na kafa ta ba:
ba a taka saman magabata,
ko da ƙafar jariri ce.
A kai su ƙoli, ba za ta iya hawa ba.
A sauko da su, ruwa ya ci hotuna.
A tsakiya, tagwaye su yi tsalle a kansu.
Na tambayi kuɗin lif, na rufe littafin.

Takarda goma sha ɗaya na yaga.
A ta sha biyu na daina ƙara ɗaki,
na ɗauki magogi.
Na huda gidan daga rufi har hawa na biyu,
rami mai faɗin tabarma biyu,
ba komai a samansa sai gilashi da gajimare.
A gindinsa na zaunar da magabata,
taku bakwai daga gadonta,
na kwantar mata da gangara a tsawon bango.
Luan ya ce na cinye masa rabin falo.
Na ce haske zai biya ka,
da iskar da ba ta zuwa da takardar kuɗin wuta.

Na kai mata zanen. Ta sa tabarau,
ta bi layi da farce kamar mai tsintar shinkafa.
Ta ce, hayaƙin zai bi ta tagar kowa ke nan?
Na ce e.
To, za su san na tashi.

Sai farcen ya tsaya a ƙofar ɗakinta.
Nawa ce?
Santimita tamanin, Kaka, keke zai wuce, na auna.
Ta dube ni ta saman tabarau:
Akwatin fa? Da masu ɗauka dama da hagu?
Ba na so a karkata ni kamar kabad.

Na goge layin, hannu na rawa.
Ta ce, saki fuskarki, ba tawa ba ce ni kaɗai.
Ubanki zai gaji ɗakin, bayansa Luan.
Ki kuma ƙara wa kantar hotuna tsawo.

Na rubuta mita ɗaya da rabi.
A tsakar gida Baba na saran ƙashin romon gobe,
tagwaye na gardamar wa zai kwana kusa da taga.