Inda Ake Ganin Teku

A Shiyar Madunka, gaban tandar Kulu,
muka tsuguna, waina na ƙara cikin mai.
Maccido ya ce: "Kai da kat tahi Marse,
mi kac ci can?"

Lissafi na ci, ɗan'uwa.
Jakunkunan jar fata na kai baje koli,
guzurina kuwa bai cika tafin hannu ba.

Kowace ƙofa da allonta, an rubuta da alli.
Ba na jin yarensu, amma lamba ba ta da yare.
In na hango farin ƙyalle bisa tebur,
cokula uku na gadin faranti ɗaya,
sai in gaida ƙofar da ido, in wuce.

Kwana na uku wani mai shara, ɗan Maraɗi,
ya ji ina ƙirga da Hausa.
Ya ce: "Da azahar bi sawun leburori,
kada ka bi masu ɗaukar hoto.
Inda ake ganin teku, har tekun ake biya."

Ya ja ni wani lungu bayan tasha.
Wata tsohuwa Balarabiya
ta tula min wani abu mai kama da burabusko,
da romon rago, da kabewa.
Ruwa kyauta, burodi kyauta.
Guntun na sa aljihu, shi ya kai ni safe.

Kulu ta ɗago, tana share gumi:
"To, nan babu teku. Ɗari biyar."
Ta jefa min biyu gyara, ta barbaɗa ƙuli.

Maccido kuwa, tun ina bakin teku
ya cinye rabin kwanon.