Buhun da Na Bi

Ran Talata na shata wa buhu ɗaya alama da alli,
na ce yau ni da kai, ƙafata ƙafarka.
Injin casar shinkafa ne a bakin hanyar Jega,
mu goma sha ɗaya, kowa gumi sharkaf,
amma kullum magariba ta yi
motar Yawuri na tsaye, cikinta rabi.

Da hantsi buhu ya sauka daga amalanke.
Gado ya saɓa shi zuwa ma'auni,
ma'auni kuwa can ƙarshen fili, bayan rijiya,
taku tamanin da huɗu, na ƙirga da bakina.
Me ya kai shi can?
Aka ce inuwa. Da akwai dogon yaro a wurin.
Shekara shida ke nan da sare shi.
Inuwa ta tafi, ma'auni bai ji labari ba.

Shekarau ya rubuta nauyi a 'yar takarda,
Kulu ta kwafa a babban littafi,
Marafa ya sake kwafa a ƙarami,
wai ko da babban zai ɓata.
Babban bai taɓa ɓata ba.
Ƙaramin ne ya taɓa yin ɓatan dabo,
aka kashe inji yini guda ana cigiya,
da ba a gan shi ba aka sayo sabo.

Azahar ta sami buhuna a zaune.
Ana jiran hatimin Alhaji Na'allah,
shi kuma ya tafi ta'aziyya Kalgo,
hatimi na kwance a aljihun babbar riga.
Inji na shan mai yana casar iska.
Jatau na kan tabarma yana korar ƙuda.
Ba rago ba ne, na san shi tun muna yara,
takarda ce ta ɗaure masa hannu.

Da la'asar buhu ya shiga inji.
Minti tara.
Awa bakwai yana jira, minti tara yana aiki.

Ran Laraba na tara mu a gindin bango,
na ɗauki kara na zana hanyarsa a ƙasa,
sai ga ta kamar sawun kaza mai neman tsaba.
Marafa ya haɗe gira:
"Ka zo ne ka ce ba mu da amfani?"
Kafin in buɗe baki Kulu ta riga ni:
"Tun bara maganar nan ke bakina,
ba wanda ya tambaye ni."
Gado bai ce komai ba,
ya dai janye riga, muka ga kanta a kafaɗa.

Mu huɗu muka ciccibo ma'auni zuwa bakin ƙofa.
A ƙarƙashinsa, gidan ɓera,
da tsohon ƙaramin littafi, an cinye masa watan Safar.
Har Marafa sai da ya dara.

Alhaji ya juya hatimi a tafin hannu, ya daɗe,
sannan ya ajiye shi gaban Kulu:
"Har buhu ashirin. Abin da ya haura, a kira ni."
Ba duka muka samu ba, mun dai karɓa.
Marafa ya koma duban danshi da tsakuwa,
ashe idonsa ya fi alƙalaminsa kaifi,
ko da yake na sha kama shi da yamma
yana kwafar lissafi a ɓoye. Na bar shi.

Jiya motar Yawuri ta tashi kafin la'asar, maƙil.
Gado ya zo da ɗan tsiro a gwangwanin madara,
wai rana ta yi yawa a bakin ƙofa.
Na ce dasa.
Amma ka faɗa wa duk wanda ya zo bayanmu,
ma'aunin ne ya riga zuwa, inuwa ta biyo shi.