Uban da Ke Cikin Takarda

Takardar ta san mahaifina,
amma na shekara biyu baya ta sani:
Arvo Koskela, mai aikin dare a masana'antar takarda,
mai ƙarin awa ranar Asabar,
mai dawowa da warin dafaffen itace a rigarsa.
Shi ta ƙirga, shi ta auna,
ta ce 'yar wannan mutum ba ta cikin mabuƙata.

Uban da na baro a gida da safen nan
yana gaban taga, kofinsa ya huce,
yana kallon jiragen ruwa na barin Duluth ɗauke da tama,
tun watan Maris da aka garƙame masana'anta.
Takarda ba ta leƙa taga.

Bene na biyu, ofishin tallafin ɗalibai.
Ƙanƙarar takalmina na narkewa a kan kafet,
lambata arba'in da ɗaya.
A gabana wani saurayi na gardama kan dala ɗari uku,
a bayana wata uwa na jijjiga keken jariri da ƙafa
tana cike fom a kan cinya.

Ba kyauta na zo nema ba.
Aiki ne, awa goma a mako,
wanke kwalaben ɗakin gwaji ko jera littattafai.
Sai dai kafin a bar ka ka yi gumi
sai ka kawo shaidar babu.

Madam Pakou Vang, tabarau rataye a wuya,
ta juyo min fuskar kwamfutarta.
"Linnea, kin haura layi da dala dubu da ɗari biyu."
Na yi lissafi a zuci.
Asabar ɗin Baba ne,
waɗanda ya hana kansa kamun kifi a kan daskararren tafki
don in samu na makaranta.
Garin neman ƙiba mun samo rama.

Na fara naɗe gyalena, ta ɗaga yatsa.
"Akwai wata ƙofa, ƙarama, ba a manna ta a bango ba.
Kawo min wasiƙar sallamarsa da takardar albashin ƙarshe,
ki rubuta da hannunki abin da ya canza."

Kwana huɗu ina tauna maganar.
Ta yaya ake ce wa uba,
ara min ranar da ta fi maka ɗaci, zan kai ofis?

Bai ce komai ba. Ya sauka ɗakin ƙasa,
ya buɗe akwatin ƙugiyoyinsa,
ga ta can ƙarƙashi, ninki huɗu, tana ƙarnin kifi.
Ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya goge ta da tafin hannu,
ya ce, "Ashe tana da rana."

Mako uku shiru.
Na iya karanta saƙon da bai zo ba.

Yanzu Talata da Alhamis ina ƙasan laburare
da amalanke mai ƙafa ɗaya da ke kuka,
ina mayar da kowane littafi gidansu.
Albashin farko: tsohon littafin kimiyyar sinadarai
da wani ya ja wa layi da ruwan ɗorawa,
sai ƙullin kofi na Baba, irin mai tsadar.
Ya yi faɗa. Ya sha.

In ba kowa, nakan buɗe littafi a tsakiya in shinshina,
ko zan ji rigarsa.

Kowace shekara sai an sake cike fom,
ita kuwa takarda tafiyar hawainiya take.
Sai baɗi waccan za ta iso gaban tagar nan
tana neman mutumin da kofinsa ya huce.
Allah sa ta tarar da kujera kawai,
da takalman aikinsa ba sa bakin ƙofa.