Waliya a Dutsen Simiyen

Asmamaw ya ce in yi shiru,
ni kuwa huhuna ne ke surutu.
Sau uku na tsaya ina haki.
Shi, da takalmin roba da tsohuwar bindiga,
ko gumi bai yi ba.

Birrai masu jan ƙirji sun cika tudu,
suna tsinkar ciyawa da yatsu
kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa.
Ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni.

Ba su na zo gani ba.
Waliya nake nema, bunsurun dutse
wanda ba shi da wata ƙasa
sai wannan gaɓa ta Habasha.

Muka zauna bakin kwazazzabo, gajimare a ƙasanmu.
Ya zuba mini gasasshen sha'ir a tafi,
ya nuna wani kango da haɓa:
"Nan gonar babana take
kafin a ce dutsen na dabbobi ne."

Sai ƙaho biyu suka keto gajimaren,
a lanƙwashe kamar lauje.
Na lalubi kyamara, yatsuna sun sandare.
Kafin in saita
ya gangara inda ƙafar mutum ba ta zuwa.

Asmamaw bai ko waiwaya ba.
Kangon yake kallo.