Hutun Zangon Farko

Yara sittin da huɗu nake tanƙwarawa a aji uku
da gyaran murya kawai.
Ga guda uku, na cikina,
sun mai da ni ɗan aike a gidana na Rafindadi.

Uwarsu ba ta da hutu.
Naƙuda ba ta san Disamba ba.
Da asuba ta ɗauki jakar asibiti, ta ja mayafi har hanci,
ta ce, "Koko na kan murhu.
Kar ka bari Sabi'u ya taɓa ruwan randa."
Kafin ƙarar babur ɗin da ya ɗauke ta ta sha kwana
Sabi'u ya jiƙe har hammata.

Wanka yaƙi ne.
Na dafa ruwa, na sirka, na gwada da yatsa.
Ramlatu ta ce ai jiya ta yi, kuma na jiyan bai tsufa ba.
Kubura ta shige bayan buhun gero,
ƙafa ɗaya a waje,
ita a dole ta ɓuya.
Na mulke su da basilin
suna sheƙi kamar ƙosai fitowar mai.

Safa ɗaya ta ɓata tun Talata.
Ran Juma'a na gan ta a ƙafar ɗan akuya.
Wai shi ma yana jin ɗari.

Da hantsi rana muke bi,
mu ja tabarma daga bakin zaure zuwa jikin katanga,
mu da ƙadangaru, kowa da gefensa.
Mai karas ya wuce da baro, sun yi min caa.
Mai rake ya biyo baya.
A gaɓa ta biyu haƙorin Sabi'u ya tsaya cikin raken,
ya dube shi, ya dube ni,
bai yanke shawarar kuka ba tukuna
Ramlatu ta toshe masa baki da tafi:
"Kar ƙadangare ya gani, ba zai fito ba!"
Yini guda yaron nan ta hanci yake magana.

Bayan la'asar suka buɗe makaranta.
Ramlatu ta ɗauke jan birona,
aka zaunar da ni kan turmi.
"Bakwai sau biyu?"
Na ce sha biyar, don in ga yadda za ta yi.
Ta zana min ƙwai a tafin hannu,
ta ce da muryata, har da ɗage girar,
"Gobe ka zo da babanka."
Na yi dariya,
sai dariyar ta tsaya a maƙoshi.
Babana na Ɗan Takum, bana shekara tara.
Da wata huɗu suka saɓa da ita.

Dare ba wuta.
Kaskon garwashi, dankali uku a toka,
ni da tatsuniyar da na manta ƙarshenta.
Na ƙaga wani, suka ce ƙarya ne,
ba haka Inna ke faɗa ba.
Kubura ta yi barci riƙe da kunnena.
Ban motsa ba, har kafaɗa ta mutu.

Haka uwarsu ta iske mu, tuli guda ƙarƙashin bargo.
Ta ce, "Yau tagwaye aka samu."
Na ce Allah ya ba uban haƙuri.

Na ƙirga kwanakin nan, ba zan ɓoye ba,
kamar mai jiran albashi.
Yau Lahadi, gobe a koma.
Na zuba gawayi a dutsen guga,
na shimfiɗa rigar makarantar Sabi'u,
na kira shi ya gwada.

Hannun rigar ya tsaya nesa da wuyan hannu.
Sati uku kacal.
Kuma ina nan zaune, a gabana aka yi,
ban ga lokacin ba.