Rudun Inna Tumba

A Aleiro na tashi, inda warin albasa
ke riga ladan shiga ɗaki da asuba.
Shekara goma sha ɗaya Inna Tumba na bakin kasuwa,
wuƙa a hannu, tana yanke wa wasu ganye,
a biya ta da yamma, kwando-kwando,
kuɗin da ba ya kwana.

Ta ga buhun da ake zubarwa da rani
kamar ana roƙon mai saye ya taimaka,
ta gan shi da damina ya zama ɗan sarauta,
sai an yi masa layi.
Ta riƙe wannan a ciki, ba ta faɗa wa kowa ba.

Su bakwai ne a adashi:
ita, da Ige mai ƙosai, da Kulu matar makanike,
sauran ma duk na san zanensu.
Ran da kwasa ta zo kanta
aka ce ta sayi kwalla ta jera.
Ta sayi buhu tara.
Ta sa Baba ya kafa mata rudu a bayan ɗaki,
kara da ciyawa, ƙafa huɗu sama da ƙasa,
yana ɗauri yana gunaguni.

Ruwan farko ya sami ɓaraka ta gabas.
Buhu huɗu suka narke.
Warin ya kai gidan maƙwabta kafin labarin,
aka yi dariya har a bakin rijiya.
Na same ta durƙushe tana tsince masu rai,
fuska jiƙe.
Ta ce, albasa ce, ke wuce ki ɗauko tabarma.

Daga nan kullum sai ta juya su ɗaya-ɗaya,
ta latsa wuya, ta sansana,
kamar ungozoma.
Wata biyar.

Sai ga Ɗanjimma dillali a ƙofar gida,
wanda bai taɓa sanin sunanta ba sai "ke",
yana sallama har sau uku.
Ya taya. Ta yi shiru.
Ya ƙara. Ta ce tuwona na kan wuta.
Da ta komo, farashin ya tashi tsaye yana jiranta.

Ni ce mai littafi, tun ina aji huɗu.
Ita ke faɗa, ni ke rubutawa,
in na yi kuskure ta kama ni da ka.
Bana rudu uku ne, ɗaya na ƙungiya,
mata ashirin da shida, kowa da shafinta.
Baba ya daina gunaguni,
shi ke hawa duba ɓaraka kafin hadari.

Jiya na ga bangon littafin.
Wani ya yi rubutu da biro, haruffa biyar,
karkatattu kamar ƙafar rudu,
an danna har takarda ta huje.
Na ɗago. Tana can tana tsintar albasa,
wai ba ta gan ni ba.